Ɗaliban shimi a jami'o'inmu: ku kafa rukunin karatu tun makon farko

Yau maganarmu ta shafi ƴaƴanmu da ƙannenmu da suka samu bak, suka shiga jami'a a fannin kimiyya, musamman waɗanda darasin shimi, wato kimiyyar sinadarai, ke cikin abin da za su karanta. Ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suke, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko wata daga cikin sauran jami'o'in ƙasa, kukan da ake ji daga gare su kusan ɗaya ne: shimi ta yi wuya, malam yana sauri, amfi ya cika, an faɗi jarrabawa.

Ra'ayinmu shi ne, ɗalibin da ya shiga shekarar farko ya nemi abokai huɗu ko biyar su kafa rukunin karatu tun makon farko, su riƙe shi da tsari har ƙarshen samestir. Kuma muna ganin bai kamata a bar wannan abu ga sa'ar kowane yaro ba. Hukumomin jami'a, da malamai, da ƙungiyoyin ɗalibai, da mu iyaye, kowa yana da abin da zai yi a ciki.

Bari mu fara da dalilin da ya sa shekarar farko take kayar da yara masu ƙoƙari. A lise, yaro yana aji guda da mutanen da ya sani, malami ya san sunansa, ana ba shi aikin gida ana dubawa. Da ya shiga jami'a sai ya tsinci kansa cikin amfi tare da jama'a masu yawa, malami yana can gaba, wanda ke baya da ƙyar yake ganin tablo. Ba wanda zai tambaye shi ko ya gane. Ga kuma tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi: kiredi 30 a kowane samestir, 180 kafin a samu lisans, kuma an gina tsarin ne a kan cewa wani babban kaso na aikin ɗalibi shi zai yi da kansa a wajen aji. Malami ya ba da darasi, TD ya nuna hanya, sauran kuwa yana wuyan ɗalibi. Yaro da yawa ba wanda ya taɓa faɗa musu haka. Suna kwafar darasi cikin kaye, su rufe, su jira a sa ranar jarrabawa.

Ita kuma shimi tana da wani hali nata. Darussanta a jere suke kamar tubalin gini, na sama yana zaune kan na ƙasa. Wanda bai gane mol ba, ba zai iya lissafin ƙarfin sinadari cikin ruwa ba. Wanda bai iya wannan ba, in an zo kan asid da baz da pH sai ya ɓace gaba ɗaya. Wanda bai fahimci yadda elektaron suke zaune a jikin atom ba, jadawalin Mendeleyev zai zame masa jerin sunaye 118 na hadda kawai, haɗuwar atom da atom kuma ta zame masa tatsuniya. Ramin da aka bari a mako na biyu, shi ne ke faɗaɗa har ya haɗiye samestir. Abin da ya ƙara tsananta lamarin, mai karatu shi kaɗai sau da yawa bai san yana da ramin ba. Zai karanta gyaran da malami ya yi a TD, ya ga kowane layi yana bin na gabansa, ya ce ai na gane. Sai ranar da aka aje masa farar takarda da tambayar da aka ɗan sauya mata fuska, sannan gaskiya ta fito.

Nan ne amfanin rukuni yake. In ka tashi gaban abokanka huɗu da alli a hannu kana bayani, ba ka da wurin ɓuya. Ga misali ƙarami. An ce a narka giram 5,85 na gishiri cikin ruwa har ya kai mililita 500, a nemo ƙarfinsa. Mol guda na gishirin girki giram 58,5 ne, ke nan muna da mol 0,1. A raba da rabin lita, amsa ita ce mol 0,2 a kowace lita. Lissafi ne mai sauƙi, amma ɗalibi nawa ne ke raba 0,1 da 500 kai tsaye, ya manta bai mayar da mililita zuwa lita ba, ya fito da amsar da ta yi ƙasa sau dubu? Shi kaɗai a ɗaki, zai iya maimaita wannan kuskure wata guda bai lura ba. A cikin rukuni, kafin ya aje allin wani ya ce masa, malam tsaya, ina litarka? Minti ɗaya ya gyara abin da zai ci masa maki a jarrabawa uku.

Wani amfanin kuma shi ne harshe. Da Faransanci ake koyarwa, da shi ake rubuta jarrabawa, wannan ba mu da ja. Amma sau nawa yaro ke kasa gane abu saboda jimlar da aka faɗe shi da ita ta yi masa nauyi, alhali shi kansa abin ba shi da wuya? A rukuni ana iya sauke maganar zuwa Hausa ko Zabarmanci, a juya ta, a kawo misalin gida, sannan a mayar da ita Faransanci yadda za a rubuta a takarda. Wani zai ce mol kamar tiya ce ta awon hatsi. Wani ya ce a'a, tiya cika take aunawa, mol kuwa ƙidaya ce, ta fi kama da dozin: dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana duk sha biyu-biyu ne amma nauyinsu ba ɗaya ba, haka mol ɗin ruwa yake giram 18, na gishiri 58,5, alhali adadin ƙwayoyin da ke cikinsu ɗaya ne. Wannan gardamar ta minti biyar ta fi karanta ma'anar mol sau goma.

Kuma shimi ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Uwar da ke jefa ƴar kanwa cikin miyar yakuwa don ta kashe tsami, aikin asid da baz take yi. Ruwan zoɓo da ke sauya launi in kanwa ta taɓa shi, yana yin abin da sinadarin gwaji ke yi a labo. Masu sabulun gargajiya da ke dafa mai da ruwan toka, da marina masu baba, da majema na Maraɗi da Damagaram, da masu haƙar gishiri da kanwa a Bilma da Manga, duk da sinadarai suke aiki. Yaro ɗaya ba zai san duk waɗannan ba, amma in aka haɗa ɗan majema da ɗiyar mai sabulu da ɗan manomin da ya san takin zamani a tabarma ɗaya, kowa zai kawo misalin da ya tashi da shi.

Kada a ce wannan zancen fatar baki ne. A Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka, cikin shekarun 1970, wani malamin lissafi mai suna Uri Treisman ya bi diddigin ɗalibansa don ya gano abin da ya sa wasu ke cin darasin lissafi wasu kuma, masu ƙwazo da himma, suke faɗuwa. Ya tarar masu faɗuwar galibi su kaɗai suke karatu, masu cin kuwa bayan kowa ya yi nasa sukan haɗu su gwada amsoshi, su yi gardama, su gyara wa juna. Sai ya shirya zaman aiki na rukuni-rukuni, sakamakon waɗancan ɗalibai ya ɗaga. A farkon shekarun 1990 kuma, malaman shimi a wata kwaleji ta birnin Niyok suka fito da tsarin da ɗalibai shida zuwa takwas ke haɗuwa kowane mako, ƙarƙashin jagorancin wani ɗalibi da ya riga ya ci darasin, kuma jami'o'i da dama suka ɗauki tsarin daga baya. Waɗannan wurare ne masu labo da littattafai da kuran da ba ya ɗaukewa, duk da haka suka ga suna bukatar ɗalibi ya koya wa ɗalibi. To ina ga mu?

Mu kuwa ba sai mun aro al'adar daga waje ba. Mun san gayya a gona, mun san adashi, mun san yadda almajirai ke zama suna bitar karatu, na gaba yana jan na baya. Kuma mun san fada. Babu unguwar da za ka bi a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ko Yamai ba ka ga samari sun kewaye butar shayi ba, da sunan fadarsu, da shugabansu, da ƴar cotizasiyonsu. Matasan da suka iya riƙe fada shekara da shekaru, ba za a ce ba su iya riƙe rukunin karatu na wata huɗu ba. Abin da ya rage shi ne tsari.

Ga yadda muke ganin ya kamata a yi shi. Na farko, yawan mutane. Huɗu zuwa shida ya isa. In aka yi biyu, ranar da ɗaya ya yi rashin lafiya zama ya mutu. In aka kai goma, biyu ne za su yi ta magana, sauran su zama ƴan kallo, an koma amfi ke nan. Na biyu, wa za a ɗauka. Kada a tsaya kan ƴan garinmu ko ƴan lisenmu kawai. A nemi wanda ya fi ƙarfi a lissafi, da wanda ya iya Faransanci sosai, da wanda ba ya fashin darasi kuma rubutunsa yana karantuwa, da mai yawan tambaya ko da ana ganin shi ne na baya. Wanda ya fito seri C da wanda ya fito seri D kowa yana da inda ya fi wani. Sharaɗin shiga guda ne: mutum ya yarda zai zo kan lokaci kuma zai yi aikinsa. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka a duba da wa za a zauna.

Na uku, lokaci da wuri. A tsayar da rana biyu a mako, awa biyu kowane zama, a rubuta, kada a riƙa sauyawa. A fara tun makon da aka fara darasi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Rukunin da aka kafa saura kwana biyar jarrabawa, taron firgita ne kawai, kowa yana ƙara wa ɗan uwansa tsoro. Wuri kuma ya zama inda akwai abin rubutu da kowa zai gani: ajin da ba kowa, ko gindin itace da ɗan allon katako da aka shafa wa baƙin fenti, ko zauren gidan wani. Shimi ba ta karantuwa da baki kaɗai, sai an zana, an goge, an sake zanawa.

Na huɗu, kuma shi ne ginshiƙin abin gaba ɗaya: kowa ya gwada aikin shi kaɗai kafin a haɗu. A raba tambayoyin TD tun kwana biyu kafin zama, kowa ya zauna da bik da takarda ya yi iya ƙoƙarinsa, ko da bai kai ƙarshe ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya zo hannu rabbana, kwafa zai yi ya tafi, kuma ranar jarrabawa ba wanda zai zauna kusa da shi ya yi masa. In an haɗu, a bi da bi kowa ya hau tablo. Wanda ya ce bai gane tambaya ta uku ba, shi ne zai tashi ya fara ta, ya tafi har inda ya tsaya, sannan a taimaka masa daga nan. A hana wanda ya fi iyawa karɓe allin. Aikinsa ya yi tambaya: me ya sa ka raba a nan, ina ma'aunin wannan lamba, ka ƙidaya atom ɗin oksijen na hagu da na dama sun yi daidai?

Na biyar, a aje kaye guda na rukuni. Duk tambayar da ta gagari kowa a rubuta ta a ciki, a wakilta mutum ɗaya ya kai wa malamin TD. Wannan yana da muhimmanci, domin rukuni ma yana iya ɓata. Mutum biyar suna iya haɗuwa kan amsar da ba daidai ba, su fita suna murna, musamman in mai ƙarfin murya ne ya kawo ta. In an yi saɓani, a koma ga darasin malami da littafi, in bai warware ba a tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Malami ma ya fi jin daɗin ɗalibin da ya zo da tambaya a rubuce, yana nuna inda suka gwada suka kasa, a kan wanda zai ce masa kawai ban gane komai ba.

Na shida, tsofaffin takardun jarrabawa. A neme su wurin ƴan shekara ta biyu da ta uku. Amma kada a haddace gyaransu. Sau ɗaya a wata a zauna kamar ranar jarrabawa ta gaske, a aje waya, a duba agogo, kowa ya yi shiru ya rubuta, sannan a yi musanyar takardu a gyara wa juna. Wanda ya ga ya samu 6 bisa 20 a gaban abokansa cikin wata na biyu, yana da sauran lokacin gyara. Wanda bai gani ba sai ranar da aka liƙa sakamako, sai dai ya jira zagaye na biyu.

Sai maganar TP. Kowa ya san yadda lamarin labo yake a yawancin wurare: ɗalibai sun fi kayan aiki yawa, lokaci kaɗan ne, wani sai dai ya leƙa ta kafaɗar wani. Saboda haka awa biyun da aka samu a labo ba ta ɓarnatarwa ba ce. Rukuni ya karanta takardar aikin tun kafin ranar, a yi lissafin da ake bukata, a san me za a zuba cikin me da kuma dalili. A tuna wa juna ƙa'idojin tsaro, domin a nan kuskure ba maki kaɗai yake ci ba: asid ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid mai ƙarfi, ba a jan sinadari da baki, ba a haɗa ruwan jabel da asid domin iskar da ke fitowa guba ce. Rahoton TP kuwa, a tattauna sakamako tare amma kowa ya rubuta nasa da hannunsa.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu dalilansu gaskiya ne. Akwai iyayen da za su ce, rukunin nan fada ce aka sauya wa suna, za a fara da shimi a ƙare da ƙwallo da siyasa. Yana faruwa. Maganinsa shi ne agogo da jerin aiki: a san tambayoyin da za a yi yau, a sa mutum ɗaya ya riƙe lokaci, wayoyi su shiga aljihu, shayi ya jira sai an tashi. Wanda ya yi fashi sau uku babu dalili, ko yake zuwa kullum bai taɓa aikinsa ba, a yi masa magana cikin mutunci, in bai gyara ba a sallame shi. Kunya ce ke kashe rukuni da yawa, ana jin nauyin faɗa wa aboki gaskiya har kowa ya gaji ya watse.

Akwai kuma ɗalibi mai ƙoƙari da zai ce, ni me zan samu, lokacina kawai za a ci. Muna ce masa ya gwada bayyana wa mutum huɗu abin da ya sa pH 3 ya fi pH 4 tsami har sau goma, ya ga ko ba zai gano wani lungu da shi ma bai taɓa leƙawa ba. Wanda ya koyar da abu ya riƙe shi fiye da wanda ya karanta kawai. Amma shi ma yana da haƙƙi: kada a mayar da shi malamin kyauta, kowa ya zo da nasa. Akwai kuma mai cewa shi ya fi ganewa in yana shi kaɗai. Ba mu ce ya bar karatun kaɗaici ba, ai mun ce shi ne sharaɗin zuwa zaman. Awa huɗu a mako kawai muke roƙo ya fito ya gwada abin da ya karanta a gaban wasu.

Wasu kuma za su ce ai muna da guruf a WhatsApp. Yana da amfani wajen sanar da sauyin lokaci da tura hoton darasi ga wanda bai samu zuwa ba. Sai dai tura hoton amsa ba karatu ba ne. Waya cike da takardun da ba a buɗe ba, ba ta taɓa cin jarrabawa ba. Haka su ma manhajojin nan da ake yi wa tambaya su ba da amsa nan take: suna iya taimakawa, suna kuma iya kawo lissafin da ba daidai ba cikin kyakkyawan Faransanci. Wanda bai iya ba, ba zai gane an yi masa kuskure ba. In an ɗauko amsa daga can, a kawo ta tablo a bi ta layi-layi kamar yadda za a bi ta kowa.

Maganar da ta fi damunmu ita ce ta ƴan mata. Yawancin rukunonin da ke kafa kansu da kansu, da dare suke zama, a ɗakin samari ko a wani lungun da yarinya ba za ta je ba, kuma iyayenta suna da gaskiya in sun hana. Ga aikin gida da ke jiran ta, wata ma da aure da goyo. Sakamakon haka sai a bar ta ita kaɗai da kaye, alhali ita ma bak ɗin nan ta ci kamar kowa. Gyaran ba shi da wuya. A sa zama da rana, tsakanin darasi da darasi ko safiyar ranar hutu, a cikin harabar jami'a inda kowa ke gani. Waɗanda suka fi son rukunin mata zalla su kafa nasu, a haɗa su da wata ɗalibar shekara ta uku ko ta masta da za ta riƙa leƙa su. Mu kuma iyaye da mazaje, in yarinya ta ce tana da zaman karatu, mu tambayi wuri da lokaci da abokan zaman, sannan mu sauƙaƙa mata, ko da kuɗin kabu-kabu ne, ko ɗauke mata girkin rana ɗaya.

Ga hukumomin jami'a, abin da muke nema bai kai kuɗin gina labo ba. A bar wasu azuzuwa a buɗe bayan an tashi darasi, da fitila da alli. A makon farko malamin TD ya ɗauki minti goma sha biyar ya taimaka a raba ɗalibai rukuni-rukuni, don baƙon da ya zo daga Ngigmi ko Abalak ko Gaya bai san kowa ba kada ya rasa wurin shiga. A nemi ɗaliban masta da na shekara ta uku su jagoranci ƙannensu, a ba su takardar shaida ko wani ɗan alheri. Ƙungiyoyin ɗalibai, da USN da na ƴan jiha-jiha, waɗanda suka iya tara jama'a in maganar kuɗin tallafi ko abinci ko masauki ta taso, su nuna wannan ƙarfin a nan ma: su tattara tsofaffin jarrabawa, su haɗa sababbi da tsofaffi. Kuma in yajin aiki ko wani tsaiko ya dakatar da darussa, kamar yadda muka sha gani, rukuni ne zai hana karatun yin sanyi kafin a koma.

Kada kuma a ɗauka rukuni zai maye gurbin abin da ya rataya a wuyan gwamnati. Ƙarancin malamai, da cunkoson amfi, da kayan labo, da shekarun karatu da ke shiga cikin juna, duk suna nan kuma za mu ci gaba da magana a kansu. Amma yaron da ke shekarar farko bana ba zai iya jira sai an gyara su ba. Abin da ke hannunsa yau shi ne abokai huɗu da allo.

Me ya sa muka damu har haka? Domin ƙasar nan tana bukatar masana sinadarai nata na kanta. Muna da uraniyom a Arlit, muna da matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram tun 2011, muna da siminti a Malbaza, ga zinariya, ga takin zamani da magungunan ƙwari da ke shigowa kasuwanninmu, ga magungunan da ake sayarwa a bakin titi ba wanda ya auna abin da ke cikinsu. Mutanen Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Tibiri ba, inda ruwan sha mai yawan sinadarin fuliyo ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan sinadari a miligiram 1,5 cikin lita, kuma gano ko ruwa ya wuce wannan iyaka aikin mai ilimin shimi ne, irin lissafin nan na giram da lita da muka yi a sama. Duk ɗalibin da ya faɗi a shekarar farko ya bar fannin, mun rasa mutum guda da zai iya auna mana ruwan rijiya, ko ya koyar a lisen garinsu inda ake neman malamin kimiyya ido rufe. Ga kuma asarar gidan da suka sayar da hatsi ko akuya don su tura shi.

Jami'ar Maraɗi sunan masanin shimi take ɗauke da shi, Dan Dicko Dankoulodo, ɗan garin, wanda ya koyar da wannan fanni har ya riƙe ministan ilimi. Ta Yamai kuma tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin fizik da ya yi fice kan binciken hasken rana. Ke nan ba wanda zai ce mana kimiyya ba tamu ba ce.

Saboda haka, ɗalibi, gobe in ka shiga amfi ka dubi na damanka da na hagunka, ka tambaye su ko suna da rukuni. In babu, ku sa rana. Wanda ya riga ya wuce shekarar farko, ya ɗauki rukuni ɗaya ya riƙa leƙa su ko sau biyu a wata. Uba da uwa, in kun kira yaro a waya, bayan kun tambaye shi lafiya da abinci, ku tambaye shi da su wa yake karatu. Wanda kuma ya taɓa yin irin wannan zama a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya faɗa wa na baya yadda suka tsara nasu da abin da ya ba su wahala, don su amfana.

Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya sa su fi mu. Mu kwana nan.